Kweri ya ƙi fito da masu bashin taki, wai Data type mismatch

Ɗan Auyo: Slm 'yan uwa barkanmu da yamma. Dan Allah masu sanin Access, manhajar Microsoft ta ajiye bayanai, ku kawo ɗauki. Ƙungiyarmu ta manoma a nan gefen Auyo muna ba mambobi taki bashi damina da rani, a biya bayan girbi, kuma ni aka ɗora wa shigar da komai a kwamfuta. Ina da tebur mai suna Bashi, akwai Suna, Unguwa, Buhu, RanarKarba, sai Watanni wato wata nawa aka ba mutum ya biya. Na haɗa kweri, wato tambayar da ke zaro bayanai daga tebur, na ƙara kolum ɗin da zai lissafa ranar biya da kansa, ga yadda na rubuta

RanarBiya: Format(DateAdd("m",[Watanni],[RanarKarba]),"dd/mm/yyyy")

in na buɗe shi haka kawai yana buɗewa, amma da na sa <Date() a layin Criteria don ya fito min da waɗanda lokacinsu ya wuce sai ya watso min Data type mismatch in criteria expression ya ƙi buɗewa sam. Ranar Asabar akwai taro kuma shugabanni sun ce sai da lis ɗin nan za a raba takin daminar bana.

Injiniya Ringim: Wslm mutumina. Cire Format ɗin nan tukuna, shi ne farkon matsalarka. Duk abin da ya fito daga Format rubutu ne ba kwanan wata ba, ko da a ido kana ganinsa 25/03/2025.

Ɗan Auyo: Ai don ya fito da kyau na sa shi oga, in ba shi sai ya riƙa nuna min wata kafin rana

Ticha Gumel: Ƙanina riƙe wannan maganar da ka faɗa yanzu ta wata kafin rana, za mu dawo kanta don ita ma akwai magana. Amma fara yin wannan gwajin, cire Criteria ɗin ka buɗe kweri ka kalli kolum ɗin RanarBiya, rubutun ya jingina da hagu ne ko da dama? Access in ya ɗauki abu a matsayin lamba ko kwanan wata yana tura shi dama, in rubutu ne yana barinsa a hagu. Sannan ka gangara har ƙasa ka duba ko akwai layin da aka rubuta #Error.

Ɗan Auyo: Hagu yake Malam. Na cire Format ya koma dama. #Error kuwa akwai su da yawa, ban taɓa gangarawa na lura ba don suna can tsakiya. Kuma na mayar da <Date() har yanzu saƙon nan yana fitowa

Ticha Gumel: To ka ga inda gizo ke saƙa. Muddin ba ka sa sharaɗi ba Access ba ruwansa, layin da ya iya lissafawa ya nuna maka, wanda ya kasa ya rubuta #Error ya wuce. Amma da ka ce ya kwatanta kowane layi da ranar yau dole ya taɓa kowa, yana isa kan layi ɗaya da ba shi da amsa sai ya ajiye aikin gaba ɗaya. Layi ɗaya tak ya isa ya kayar da kwerin mutum dubu. Buɗe tebur ɗin a Design View ka faɗa mana me aka rubuta a gaban RanarKarba.

Ɗan Auyo: Short Text

Maman Sadik: Innalillahi 😂 shi ke nan an gama, wato rubutu ne ba kwanan wata ba. Daga Excel ka jawo shi ko?

Ɗan Auyo: Eh Anti, yara biyu ne suka shigar daga littafin Baba Sakatare, kowa da laftof ɗinsa, ni na haɗa na jawo

Injiniya Ringim: Abu mai sauƙi ne kar a tsorata yaro. Sa wannan ka huta

RanarBiya: IIf(IsDate([RanarKarba]),DateAdd("m",[Watanni],CDate([RanarKarba])),Null)

duk layin da ba kwanan wata ba ne zai bar shi fayau, sauran su lissafu, ka firinta lis ɗinka ka kai taro. Amma Null, wato gurbi fayau, za ka sa a ƙarshe kamar yadda na rubuta, kar ka sa "" don mutane da yawa nan suke faɗawa, kana sa "" kolum ɗin gaba ɗaya ya sake komawa rubutu ka dawo inda ka fito.

Maman Sadik: Injiniya maganar Null da "" gaskiyarka ce amma sauran wallahi ban yarda ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ni aikina kenan a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti a nan wajen Kura, ranar dawowar allurar yara haka muke lissafa ta, na san abin nan. Ka yi tunani, waɗanda ranarsu ba ta karantu ba in ka mayar da su Null ina za su? Null ba ya ƙasa da ranar yau ba ya sama da ita, wato ba za su fito a lis ɗin masu bashi ba kwata kwata. Mutum ya ci buhu huɗu bai biya ba sunansa ya ɓace, ranar Asabar a sake ba shi, wanda aka rubuta ranarsa daidai kuma a hana shi. Gara saƙon kuskuren nan sau dubu, shi aƙalla yana faɗa maka akwai matsala.

Injiniya Ringim: Hajiya yaro yana da taro jibi, ba digiri ya zo yi ba. Ya fitar da lis yanzu, gyaran ya biyo baya

Maman Sadik: Gyaran da zai biyo baya ba ya taɓa zuwa Injiniya kai ma ka sani. Kuma ba ma wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro ba. CDate da IsDate saitin Windows ɗin kwamfutar suke bi. Ɗan Auyo ya ce tasa tana nuna wata kafin rana, wato saitin Amurka ne a kanta kamar yawancin laftof ɗin hannu da muke saya, ba wanda yake canzawa. To ka ba ta 25/11/2024, za ta duba ta ga babu wata na 25 sai ta juya da kanta ta karanta 25 ga Nuwamba, daidai. Ka ba ta 05/11/2024 kuma sai ta karanta 11 ga Mayu hankali kwance, IsDate ya ce lafiya lau, ba #Error ba komai. Duk wanda ya karɓi taki tsakanin 1 zuwa 12 ga wata ranarsa za ta kife, sai wanda rana da wata suka zo ɗaya kamar 11/11. Mutumin da ya karɓa a Nuwamba aka ba shi wata huɗu kwamfuta za ta ce tun Satumba ya kamata ya biya, tun kafin ya karɓa ma.

Ɗan Auyo: Kai Anti kin sa cikina ya ɗuri ruwa

Injiniya Ringim: To ya shiga Control Panel ya canza Region zuwa Najeriya ko Ingila shi ke nan

Maman Sadik: Gobe a kwafi fayil ɗin a filash a buɗe a kwamfutar shugaba ko a shagonka in an zo firintin, lis ya canza. Lissafin da amsarsa ta dogara da kwamfutar wa aka buɗe ba lissafi ba ne.

Ɗalibi Dutse: Slm manya. Ni dai shawarata ku bar Access ɗin nan ya tsufa, a koma MySQL, wata manhajar ajiye bayanai, STR_TO_DATE(RanarKarba,'%d/%m/%Y') kawai za ka rubuta ka faɗa masa tsarin da bakinka ba zancen saitin Windows. Ko SQL Server akwai TRY_CONVERT(date, RanarKarba, 103), 103 ɗin nan ita ce rana/wata/shekara

Ticha Gumel: Ɗalibi sannu da ƙoƙari, abin da ka rubuta daidai ne, amma ƙungiyar da laftof ɗaya gare ta ana cajinta da sola wa zai kula musu da saba? Kuma dattin da ke cikin kolum ɗin nan duk inda ka kai shi zai bi ka, SQL Server ma cewa zai yi Conversion failed when converting date and/or time from character string, in ka sa TRY_CONVERT ya ba ka NULL mu dawo kan maganar Maman Sadik. Abin da ka faɗa mai amfani shi ne a faɗa wa inji tsarin da baki, kuma Access ma yana da hanyar yin haka. Ɗan Auyo mu fara ganin dattin tukuna. Sabon kweri, SQL View, liƙa wannan

SELECT * FROM Bashi WHERE IsDate([RanarKarba])=False;

turo mana abin da ya fito amma rufe sunayen mutane kafin ka turo.

Ɗan Auyo: Layi 41 cikin 612. Bari na rubuto irinsu don sikirinshot ɗin ya ƙi tafiya sabis ba kyau. Wasu fayau ba komai. Wasu da ɗigo aka raba kamar 18.11.2024. Akwai 31/11/2024 guda ɗaya. Akwai wanda aka sa harafin O maimakon sifili, 2O/11/2024. Akwai "bayan sallah" guda shida, akwai "ranar kasuwa", akwai "tare da na yayansa". Sauran kuma lambobi ne kawai ban san daga ina suka zo ba, 45363, 45455, irin haka

Injiniya Ringim: Tare da na yayansa 😂😂 wallahi yaran nan sun iya aiki

Ticha Gumel: Kar ku ga laifinsu, abin da suka gani a littafi suka kwafa. Lambobin nan kuwa ba shirme ba ne, su ne ma ainihin kwanan wata. Kwamfuta ba ta ajiye rana da wata da shekara yadda muke rubutawa, ƙirga kwanaki take yi. Access yana farawa daga 30 ga Disamba 1899 a matsayin sifili, kowace rana ya ƙara ɗaya, awa da minti kuma su ne abin da ke bayan ɗigo, 0.5 shi ne ƙarfe 12 na rana. Excel shi daga 1 ga Janairu 1900 ya fara da 1, amma yana ƙirga 29 ga Fabrairu 1900 wadda ba a taɓa yinta ba, ya gado ta daga tsohuwar manhajar Lotus 1-2-3, shi ya sa daga Maris 1900 zuwa yau lambobinsu suke zuwa ɗaya. Abin da za ka riƙe, 45292 shi ne 1 ga Janairu 2024, 45658 shi ne 1 ga Janairu 2025. Shi ya sa in kolum na kwanan wata ne na gaske kwatanta shi da ranar yau kwatanta lamba da lamba ne kawai, ba abin da zai hana. In rubutu ne kuma harafi harafi ake bi, sai ka ga 01/12/2024 ya zo gaban 02/06/2024 a jeri don 01 ya riga 02.

Ɗan Auyo: To Malam in na gane, CDate(Val([RanarKarba])) zai dawo min da su kenan

Maman Sadik: Zai dawo da su amma tsaya ka lissafa ɗaya da hannu tukuna. 45363 cire 45292 saura 71, ƙara kwana 71 a kan 1 ga Janairu 2024, shekarar Fabrairu 29 ta yi, ka sauka a 12 ga Maris 2024. Kun raba taki 12 ga Maris 2024?

Ɗan Auyo: Ina! Lokacin azumi ne ma aka fara, alkama ta kusa yanka, wa zai karɓi taki

Maman Sadik: To juya shi. 12 ga wata na 3, 3 ga wata na 12. Yaron 03/12/2024 ya buga yana nufin 3 ga Disamba, Excel ɗin laftof ɗinsa mai saitin Amurka ya karɓa a matsayin 12 ga Maris ya mayar lamba ya ajiye tun a ranar. Waɗanda suka wuce 12 kamar 25/11/2024 ya kasa ganewa ya bar su rubutu yadda aka buga. Wato a fayil ɗin yaron nan waɗanda Excel ya gane su ne suka lalace, waɗanda bai gane ba su ne suka tsira. Ɗayan ma gwada, 45455 zai ba ka 12 ga Yuni, ina kyautata zaton 6 ga Disamba ne, amma shi wannan kar ka yarda da zatona don a Yuni kuna raba na damina, sai an buɗe littafi.

Injiniya Ringim: To wannan kam na sallama, ban kawo shi a raina ba. Amma har yanzu ina nan kan bakata cewa ba zai gama kafin Asabar ba

Ticha Gumel: Zai gama, layi 41 ne ba 600 ba. Ɗan Auyo ga yadda za ka yi, kuma kafin ka taɓa komai rufe fayil ɗin ka kwafe shi a filash, don Update ba shi da a dawo baya. Kar kuma ka je Design View ka canza Short Text zuwa Date/Time kai tsaye, zai gargaɗe ka sau ɗaya in ka danna Yes duk abin da ya kasa juyawa ya goge shi, wanda ya juya kuma da saitin Amurka zai juya. Bar tsohon kolum yadda yake shi ne shaidarka. Ƙara sabo ka kira shi RanarKarba2 ka ba shi Date/Time, sannan

UPDATE Bashi SET RanarKarba2 = DateSerial(Mid([RanarKarba],7,4), Mid([RanarKarba],4,2), Left([RanarKarba],2)) WHERE [RanarKarba] Like "##/##/####";

DateSerial shekara yake karɓa, sai wata, sai rana, kai ne ka yanka rubutun ka miƙa masa kowanne a gurbinsa, ba ruwansa da saitin kowace kwamfuta. Alamar # a cikin Like tana nufin lamba ɗaya, don haka layin da ya cika tsarin nan ne kawai zai taɓa, mai harafin O da su bayan sallah zai tsallake su. In akwai waɗanda aka rubuta 5/6/2024 ba sifili a gaba su ma zai tsallake, bayan ka gama nemo duk inda RanarKarba2 Is Null ka bi su da hannu.

Maman Sadik: Ƙari a kan na Malam, DateSerial ba ya musu. Ka ba shi 31 ga Nuwamba ba zai ce maka Nuwamba kwana 30 ne ba, 1 ga Disamba zai rubuta ya yi shiru, ka ba shi wata na 13 ya tsallaka da kai Janairun shekara mai zuwa. Kuma ka ce kana da 31/11/2024. Bayan Update ɗin nemo layin da Day([RanarKarba2]) bai zo ɗaya da Val(Left([RanarKarba],2)) ba, haka ma watan.

Ɗan Auyo: Ngd sosai. Masu ɗigo na gyara da hannu ba su da yawa. To su bayan sallah fa? Na damina ne dukkansu, babbar sallar 2024 ranar 16 ga Yuni aka yi, in sa musu 17/06/2024 kawai?

Injiniya Ringim: Sa mana, kwana biyu ko uku ba zai canza komai ba tunda duk lokacinsu ya wuce tuntuni

Maman Sadik: A'a. Yau ba zai canza komai ba, amma daga ranar da ka buga 17/06/2024 ba wanda zai sake sanin cewa ƙirƙira ka yi, za ta zauna cikin sauran kamar ranar gaske. In rigima ta tashi mutum ya ce ni sai da aka yi sati biyu da sallah na karɓa, kai kuma ka nuna masa takarda da kwamfuta ta buga, wa za a gaskata?

Ɗan Auyo: Bari na sa Baba Sakatare a grup ɗin, admin dan Allah, shi ya rubuta littafin

Admin: An sa shi. Baba barka da zuwa

Baba Sakatare: Assalamu alaikum. Yaro ya karanta min abin da kuka tattauna, rabin turancin ban gane ba amma na gane inda aka dosa. Waɗanda na rubuta wa bayan sallah ba sakaci ba ne, mota ce ta kawo kaya ana jibi sallah muka sauke a sito, mutane suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya cikin hidima wani da daddare, ɗana ne ya miƙa musu ni ina wajen yanka, da na zauna rubutawa ba wanda ya riƙe ranar. Ban ga dalilin da zan rubuta ranar da ban sani ba a kan dukiyar mutane. Kuma mu a wajenmu yarjejeniyar ba ta kwana ba ce, in an yi girbi an kai kasuwa a biya, kowa ya san haka. Watannin nan da kuke gani shugabanni ne suka ce a sa saboda kwamfuta.

Ticha Gumel: Allah ya ƙara girma Baba, abin da kuka yi shi ne daidai, kuma kwamfuta tana da wurin ajiye ban sani ba, shi ne a bar gurbin fayau. Ɗan Auyo ƙara kolum na rubutu ka kira shi Bayani, kwashe bayan sallah da tare da na yayansa ka zuba a can, RanarKarba2 ɗinsu ka bar shi Null. Sai ka fitar da lis biyu ranar Asabar, na waɗanda lokacinsu ya wuce, da na waɗanda ba a san ranarsu ba, shugabanni su yanke da kansu. Ka ga Injiniya Null ɗinka ya dawo amma yanzu da takardarsa a hannu.

Injiniya Ringim: Ai dama abin da nake nufi kenan Malam kun dai fi ni dogon bayani 😄

Maman Sadik: Ba abin da kake nufi ba kenan amma mun bar maka

Baba Sakatare: Hajiya Allah ya yi albarka. Lambobin da kika ce sun juya a turo min sunayen ta hannun yaro in duba littafi da safe, rabon rani duk a shafi huɗu yake ba wuya.

Ɗan Auyo: Jama'a na yi Update lafiya, na canza kwerin zuwa DateAdd("m",[Watanni],[RanarKarba2]) na sa <Date() kuma WALLAHI saƙon nan ya sake fitowa 😭

Ticha Gumel: Kwantar da hankalinka. Cire sharaɗin, nemo #Error, kalli layin gaba ɗaya ba ranar kaɗai ba.

Ɗan Auyo: Guda uku ne. Ranarsu lafiya. Watanni ne ba komai a ciki

Ticha Gumel: Shi ne. DateAdd in ranar ce babu yana haƙuri ya ba ka Null, amma in adadin da zai ƙara ne babu ba ya haƙuri. Kuma kar ka ce za ka sa Is Not Null a ƙarƙashin Watanni a kweri ɗaya ka tsira, wani lokaci yana yi wani lokaci ba ya yi, don Access ba ya yi maka alkawarin zai tace kafin ya lissafa. Rubuta haka

RanarBiya: IIf(IsNull([Watanni]),Null,DateAdd("m",[Watanni],[RanarKarba2]))

a cikin kweri IIf ɓangaren da ya dace kaɗai yake lissafawa don haka ba zai taɓa DateAdd ba a layukan nan uku.

Injiniya Ringim: Ko Nz([Watanni],4), duk inda ba komai ya ɗauki 4, tunda kowa wata huɗu ake ba shi

Ɗan Auyo: Ba kowa ba oga, na rani huɗu na damina biyar, wasu ma shida

Maman Sadik: Ka ji ko. Kuma Nz a kweri shi ma yana da halin mayar da kolum rubutu in shi ne a waje, ka gan shi ya koma hagu. Mutum uku ne, tambayi Baba ka cike, in bai sani ba su shiga lis na biyu.

Ɗalibi Dutse: Tambaya Malam, wanda ya karɓa 31/10/2024 aka ba shi wata huɗu, Fabrairu ba ta da 31, me zai fito?

Ticha Gumel: 28/02/2025, DateAdd yana tsayawa a ranar ƙarshe ta watan, ba ya tsallakawa Maris irin na DateSerial. Tambaya mai kyau. In ƙungiya kwana take so ta ƙirga ba wata ba sai a sa "d" da 120, amma amsar ba za ta zo ɗaya ba koyaushe, su zaɓi ɗaya su rubuta a dokarsu.

Ɗan Auyo: YA BUƊE. Alhamdulillah. Mutum 87 lokacinsu ya wuce. To yanzu ya zan yi ya nuna rana kafin wata ba tare da Format ba

Maman Sadik: Danna dama a kan kolum ɗin a Design View, Properties, akwai gurbin Format a nan, rubuta dd-mmm-yyyy. Wannan kwalliya ce kawai ba ya taɓa abin da ke ciki, kuma watan zai fito da haruffa 03-Dec-2024 ba mai sake ruɗewa. Amma 87 ɗin nan har da waɗanda suka riga suka biya fa, ban ga inda kake cire su ba

Ɗan Auyo: Biya a wani tebur yake Anti, zan haɗa su yanzu

Maman Sadik: To duba ranar biyan ita ma wane iri ce kafin ka haɗa. Kuma in za ka tace na wata ɗaya a SQL View ka sani abin da ke tsakanin # da # da tsarin Amurka Access yake karantawa ko wane saiti ne a kwamfutar, #03/04/2025# 4 ga Maris ne ba 3 ga Afrilu ba. Ni #2025-04-03# nake rubutawa, shekara wata rana, shi ba ya juyuwa. In kuma da Now() ake cike ranar biya to akwai awa a manne, Between zuwa 30 ga wata zai zubar da duk wanda ya biya ranar 30 ɗin da rana, sai dai ka ce ƙasa da 1 ga wata mai bi.

Ticha Gumel: Kafin rabon Asabar kuma ka yi wa yaran fom su daina shigarwa a Excel. RanarKarba2 Date/Time ne yanzu zai fito musu da ɗan kalanda su zaɓa, sa Validation Rule <=Date() Or Is Null don kar a shigar da ranar da ba ta zo ba, Watanni ka sa Required ya zama Yes bayan ka cike ukun nan. Ranar kuma kar ka tilasta ta, bar musu gurbin Bayani, in ka tilasta ranar da ba su sani ba za su ƙirƙira ne kawai don fom ya wuce.

Injiniya Ringim: A nan kuma ban yarda ba Malam, in ka bar ƙofa rabin layukan fayau za su zo, yara ba sa son wahala

Maman Sadik: Sai a sa doka a tebur, ko rana ko bayani dole ɗaya ya kasance. [RanarKarba2] Is Not Null Or [Bayani] Is Not Null a Validation Rule na tebur ɗin gaba ɗaya ba na kolum ba

Injiniya Ringim: Su rubuta "babu" a Bayani su wuce

Maman Sadik: Wannan kuma ba aikin Access ba ne aikin Baba Sakatare ne

Baba Sakatare: Ku bar ni da su.

Ɗan Auyo: Na duba tebur ɗin Biya. RanarBiya Short Text 😩 kuma shi layi 900 da wani abu ne

Ticha Gumel: Kwafi fayil a filash tukuna, sannan IsDate=False ka turo mana abin da ya fito. In wayarka ta mutu kafin nan mu haɗu bayan asuba, ina da aji ƙarfe takwas.